Jona tiyo ko cika tanki: wanne ya fi ga mai hayar motar RV?

Assalamu alaikum. Alhaji, na ga tambayarka. Ka yi hayar mota mai ɗaki, wadda ake kira RV a nan Amurka, za ka fita mako guda lokacin zafi da iyali da Hajiya da ta zo ziyara daga gida, ku shida. Kana son sanin idan kun isa sansani, tiyo za ka jona daga famfon wurin zuwa jikin motar ka bar shi haka, ko tankin motar za ka cika ka riƙa aiki da injinta na tura ruwa. Duka biyun na yi, ga abin da na gani.

Hanyoyi biyu ne daban a cikin motar. A jikinta ta waje akwai wani baki da aka rubuta wa "City Water". Ruwan da ya shiga ta nan ba ya ratsa tanki ko kaɗan, ƙarfin famfon sansanin ne ke tura shi har kicin da shawa da masai. Ɗaya bakin na cika tanki ne, shi kuwa kamar tankin da muke ɗorawa a gida yake, sai dai wannan a ƙasan mota aka sa shi, don haka wani ƙaramin inji mai aiki da batir ke tura ruwan duk lokacin da aka buɗe famfo. Kowace hanya da nata haɗarin. Na tiyo a kan motar yake faɗawa, na tanki kuma a kan cikin mutane.

Bari in fara da tiyo, don shi ya fi jan hankalin sabon shiga. Daɗinsa a fili yake: ruwa ba ya ƙarewa, babu ƙarar inji, batir yana hutawa. Ga mutum shida masu alwala sau biyar a rana, ga tsarki, ga wanka, ga wanke-wanke, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Matsalarsa ƙarfin ruwa. Motocin nan sun fi zaman lafiya da psi 40 zuwa 50 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa a bututu), kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada ya haura 60. Famfon wasu sansanoni kuwa yana wuce 80, wani har 100. Kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: da rana kowa na jan ruwa sai ya sauka, da dare idan an yi barci sai ya hau. Shi ya sa ɓarnar ta fi faruwa mutane na kwance. A shekarata ta farko na jona tiyo ba tare da abin rage ƙarfi ba, da na tashi sallar asuba sai na taka ruwa. Wata mahaɗa ce ta saki a bayan masai, katakon daɓen ya sha ruwa ya kumbura, gyaran ya ci kuɗi sosai. Kai da motar ta haya ce, irin wannan daga aljihunka zai fita.

Maganin ɗan ƙaramin abu ne na tagulla da ke rage ƙarfin ruwa, ana samunsa a Walmart da shagunan kayan RV. Akwai mai araha da aka tsayar a kan psi 40 zuwa 50, akwai mai agogo da kake saitawa da kanka. Mai arahar ya ishe ka mako guda, sai dai yakan rage gudun ruwan shawa. A bakin famfon sansani ake ɗaura shi, ba a jikin mota ba, don tiyon ma ya samu kariya. Ka duba ko kamfanin hayar ya sa maka shi cikin kaya, kada ka ɗauka yana nan.

A wannan fannin tanki ya fi tiyo nesa ba kusa ba. Injin ruwan motar yana kashe kansa idan ƙarfi ya kai wajen psi 45 zuwa 55, ba zai taɓa fasa maka bututu ba. Idan ma yoyo ya samu, iyakar abin da zai zuba shi ne abin da ke cikin tankin, alhali famfon sansani ba ya gajiya, zai yi ta kwarara har wani ya zo ya rufe. Sannan injin yana tona asirin yoyo: idan duk famfuna a rufe suke amma kana jin yana tashi yana mutuwa, to wani wuri na ɗiga. Da tiyo ba za ka ji komai ba sai ka ga ruwa.

To amma tanki ruwan ajiya ne, kuma motar haya ba ka san tarihin tankinta ba. Wa ya cika shi kafin kai, daga wane famfo, kwana nawa ruwan ya yi a ciki cikin zafi? Ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye shi ne gidan ƙwayoyin cuta. Ga Hajiya mai shekaru, ga yara, wannan ne ya fi damuna a tafiyarku. Wanke tanki ba wuya: rubu'in kofi na bilic marar ƙamshi ga kowane galan 15 na girman tankin, a dama shi da ruwa a zuba, a cika tankin, a buɗe kowane famfo har a ji warin bilic, a rufe a bar shi aƙalla awa 4, a zubar, a ɗauraye har warin ya tafi. Idan ba ka samu lokacin yin wannan ba, ruwan tankin ya tsaya ga alwala da wanka, na sha da na girki ku sayi na gora. Wani abu da ba kowa ke lura ba: filta mai gawayi da ake ɗaurawa a tiyo tana gyara ɗanɗano da cire sinadarin kulorin, amma ba ta kashe ƙwayar cuta. Idan ka cika tanki ta cikinta, ka cire wa ruwan abin da ke tsare shi ke nan, don haka kada ya daɗe a ajiye.

Ga kuma nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai galan 40 ya haura kilo 150. A hanya sulusi ya isa, ka cika idan ka kusa isa.

Akwai inda zaɓin ma ba naka ba ne. Sansanonin 'yan kasuwa irin KOA galibi suna da famfo a gefen wurin fakin, amma na gandun gwamnati ba haka suke ba. A Yosemite babu inda za ka jona tiyo, a Yellowstone kuma sansanin Fishing Bridge ne kaɗai ke da ruwa da wuta da magudana gaba ɗaya. Irin waɗannan wurare tanki ne dole. Haka idan sanyin dare zai kai na ƙanƙara, kamar yadda yakan faru a kan duwatsu ko da ba hunturu ba, tiyon da ke waje shi ke fara daskarewa, gara a cika tanki a cire shi.

Ko wacce ka zaɓa, tiyon ya zama na ruwan sha, fari ko shuɗi, wanda aka rubuta a jikinsa cewa don sha aka yi shi. Koren tiyon ban ruwan fulawa yana iya sakin dalma da warin roba, musamman idan rana ta dake shi. Kafin ka jona, fesa wa bakin famfon ruwan bilic, don wanda ya tashi kafin kai yana iya yiwuwa a nan ya ɗauraye tiyon masai. Famfon da ke daf da ramin zubar da ƙazanta kuwa kada ka cika tanki da shi sam. Saki ruwa ya gudu ta tiyon ɗan lokaci kafin ka ɗaura a mota, ka buɗe famfon a hankali, wani ya buɗe na kicin iska ta fita. Kada a kunna abin dafa ruwan zafi sai an tabbatar ya cika, in ba haka ba ƙarfen da ke dumama shi zai ƙone.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau: motoci da yawa suna da wani baki na uku mai kama da na "City Water", amma na wanke tankin masai ne. Wanda ya jona nan bisa kuskure ya tafi, tankin zai cika ƙazanta ta taso ta masai. Ka karanta rubutun kafin ka murɗa. Tiyon sha kuma a raba masa wurin ajiya da na masai, a haɗa bakunansa biyu a murɗe idan an gama.

Da ni ne da mutum shida lokacin zafi, duk inda akwai famfo tiyo zan jona, da abin rage ƙarfi a bakinsa, in kashe injin ruwan motar. Zan bar ruwa kaɗan a tanki saboda ɗaukewar ruwa. Da dare bayan isha'i, da kuma duk lokacin da za mu bar wurin ko na awa ɗaya ne, sai in rufe famfon waje, mai tashi cikin dare ya kunna inji. Ka kuma riƙa duba ma'aunin tankin da ke tara ruwan da aka yi wanka da wanke-wanke da shi, don idan ruwa ba ya yankewa mutane ba sa tattali, ku shida kuna iya cika shi a wuni ɗaya, alamarsa kuwa ruwa ya fara taruwa a daɓen shawa. Allah ya kai ku lafiya, a gaishe da Hajiya.