Igiya ko bel: wanne ya fi riƙe kaya a bayan tirela?

Simintin Ashaka ko buhunan masara daga kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, in tirela ba ta da bodi, ɗauri kaɗai ke riƙe su. Igiya ta fi araha, kuma kowane yaron mota ya iya ƙulla ta. Matsalarta saki: kafin a kai Alkaleri a hanyar Gombe zuwa Bauchi, buhuna sun zauna, ɗauri ya yi sako-sako, birki ɗaya kaya su zame gaba.

Bel mai ƙarfen ɗamewa akwai tsada, amma faɗinsa ba ya cin buhu, kuma in ya saki, ja biyu-uku ya koma tamau, ba sai an kwance komai ba. Ni shi zan zaɓa, muddin an sa guntun tsohuwar taya a gefe mai kaifi, don nan yake tsinkewa. Rodi kuwa, sai sarƙa.