Ayaba ko wake: wanne ya fi biya wa mai hawan jini buƙatar potasiyam?

Hajiya, kin ce likita ya umarci mahaifiyarki, wadda ke fama da hawan jini, ta ƙara cin abincin da ke da sinadarin potasiyam, kuma duk wanda kika tambaya ayaba yake ambata miki, alhali ayaba a Tawa tana da tsada domin daga nesa ake kawo ta. Kina so ki san ko wake zai iya maye gurbinta. Zai iya, kuma a ganina ya fi ta dacewa da gidajenmu.

A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla miligiram 3,510 na potasiyam kowace rana, domin yana taimakon ƙoda wajen fitar da sodiyam na gishiri, yana kuma sassauta jijiyoyin jini. Giram 100 na ayaba yana da kimanin miligiram 360, wato matsakaiciyar ayaba guda tana ba da wajen 420, don haka sai tsohuwa ta ci takwas kafin ta kusa cika ƙa'idar. Dafaffen wake kuwa yana da kimanin 280 a giram 100. Idan an tsaya nan ayaba ce gaba, amma ba haka ake cin abinci ba. Ayaba guda ake ɓarewa a ci a tashi, wake kuwa kwano ake zubawa, kuma kwano mai giram 250 ya kai miligiram 700, ban da gina jiki da riƙe ciki da yake yi. Ga shi Nijar tana cikin manyan ƙasashen duniya masu noman wake, tiya guda tana ajiyuwa wata da watanni, ayaba kuwa kwana uku cikin zafin bazara ta yi baƙi.

Inda ayaba ta fi shi shi ne ba a dafa ta, saboda haka babu abin da ke salwanta, ba a kuma zuba mata gishiri. Wake a tukunya yake yin asara. Potasiyam yana narkewa cikin ruwa, duk sa'ad da aka tafasa wake aka tsiyaye jan ruwan nan aka zubar bayan ɗaki, wani kaso na amfaninsa ya bi ƙasa. Gara a auna ruwa daidai yadda zai tsotse. Haka kuma shinkafa da waken da shinkafa ta rinjaya ba ta cika wannan lissafi, domin dafaffiyar farar shinkafa miligiram 35 kacal take da shi a giram 100.

Abin da ya fi damuna shi ne kanwa. Mutane da yawa suna ɗauka potasiyam ce, har wasu kan ƙara ta da niyyar magani, alhali yawancin abin da ke cikinta sodiyam ne, ɗan'uwan gishiri. Idan aka jefa ƙullin kanwa don wake ya yi saurin nuna, aka bi da gishiri da dunƙulen magi biyu, an rushe abin da ake ginawa. A jiƙa waken tun dare, zai nuna ba tare da ita ba.

Sauran gibin ranar ba shi da wuyar cikewa: dabino yana da fiye da miligiram 650 a giram 100, gujiya wajen 700, ga dankali, ga kwaɗon zogale, ga busasshen tumatir a miya. Idan Mama tana da ciwon suga, a taƙaita dabinon.

Kafin ki canza mata abinci, ki tambayi likitanta ko an auna ƙodarta, ki kuma nuna masa magungunan da take sha. Ƙoda mai rauni ba ta fitar da rarar potasiyam, wasu magungunan hawan jini irin su captopril da spironolactone su ma suna tara shi a jini, kuma yawansa yana iya dagula bugun zuciya. Allah ya ba ta lafiya.