Sharhi Kan Rangadin Tarihin Wakefield a Birnin Wellington

A watan da ya gabata na biya kuɗin wani rangadi na ƙafa da wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ke shiryawa a Wellington, babban birnin New Zealand, domin bin sawun Edward Gibbon Wakefield, ɗan siyasar Ingila da ya tsara yadda Turawa suka kafa matsugunai a ƙasar. Tafiyar ta ɗauki kusan awa biyu, kuɗinta bai yi yawa ba, kuma ja-gorarmu, wata dattijuwa da iskar birnin ta yi ta birkice wa laima, ta san aikinta.

Ba ta rufa wa mutumin asiri ba. Ta bayyana yadda a shekarar 1826 ya yaudari wata yarinya 'yar shekara 15 mai gadon dukiya, Ellen Turner, ya ɗaura aure da ita a Gretna Green, wani ƙauye a Scotland, abin da ya jawo masa ɗaurin shekara uku a gidan yarin Newgate da ke Landan. A can kurkukun ne ya tsara dabararsa: a sayar da filayen ƙasashen mulkin mallaka da tsada, don kada leburori su yi saurin mallakar gona, sannan a ɗauki kuɗin a kawo ƙarin ma'aikata daga Birtaniya. A kan wannan tsari aka kafa Kudancin Ostireliya a 1836.

Inda rangadin ya gaza shi ne batun masu ƙasa. Ta ambaci isowar jirgin ruwan Tory New Zealand a 1839 ƙarƙashin William, ƙanen Wakefield, amma cinikin filayen da aka ƙulla da 'yan ƙabilar Māori, 'yan asalin ƙasar, wanda da yawansu ba su amince da shi ba, jimla biyu kawai ya samu. Sai da na tambaya ta taɓo rikicin Wairau na 1843, inda aka kashe wani ƙanen Wakefield ɗin, Arthur, kan taƙaddamar fili.

Mun ƙare a maƙabartar Bolton Street, inda aka binne Edward Wakefield a 1862, bayan ya wakilci mazaɓar Hutt a majalisar farko ta ƙasar. Babbar hanyar mota ta ratsa maƙabartar, don haka ƙarar motoci ta haɗiye rabin bayaninta na ƙarshe. Da kamfanin zai ba ta ƙaramar lasifika, da ya kyauta. Mai niyyar zuwa ya tanadi takalmi mai ƙwari, domin hawan tudun yana cin gwiwa.