Sharhi Kan Saitin Rage Nauyi a Manhajar Ofishin Intanet

Ni da abokan aikina, waɗanda ke warwatse tsakanin Kano, Kaduna da Abuja, muna amfani da wata manhajar ofishin intanet mai tsari irin na Gather, inda ake zana ofis a kan taswira, kowane ma'aikaci ya samu ɗan mutum-mutuminsa, kuma da zarar ya matsa kusa da wani sai murya da bidiyo su buɗe da kansu. Tsarin yana da daɗin aiki, amma yana cin ƙarfin na'ura ƙwarai, domin kwamfuta tana zana taswirar a daidai lokacin da take sarrafa hoton duk wanda ke kusa. A tsohuwar kwamfutata mai RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 4, fanka kan yi ta ƙugi, ƙasanta ya ɗau zafi, haruffan da nake bugawa su riƙa fitowa a makare.

Saitin rage nauyi ya magance mafi yawan wannan, sai dai maɓallansa ba ɗaya suke ba wajen amfani. Kashe ƙawar taswira da rage motsinta daga hoto 60 zuwa 30 a daƙiƙa sun ɗan sanyaya na'urar. Babban sauƙin kuwa daga bidiyo ya zo. Hoto mai ingancin 720p yana ɗauke da ɗigo 921,600, shi kuwa 360p ɗigo 230,400 ne, wato kashi ɗaya bisa huɗu, kuma idan mutum shida suka kewaye teburin taro, na'urarka ce za ta warware hotunansu duka a lokaci guda. Da na sauke ingancin hoton da nake karɓa, na kuma taƙaita yawan fuskokin da ke bayyana a allo, sai muryoyi suka daina yankewa, baturi ya ƙara jimawa idan an ɗauke wuta. Alƙaluman da Zoom ya wallafa suna nuna girman tazarar: murya kaɗai tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, bidiyon 720p tsakanin mutum biyu kuwa megabit 1.2, wato kilobit 1,200. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya dame ni shi ne yadda aka binne waɗannan maɓallan a can cikin saiti, alhali ya kamata manhajar ta lura da kanta cewa na'ura tana shan wahala, ta ba mai ita shawara. Wata abokiyar aikinmu ta daɗe tana zargin layin wayarta, ashe maɓalli ɗaya ne ba a nuna mata ba.

Ina ba duk tawagar da ke da masu tsofaffin kwamfutoci shawara ta mayar da 360p ƙa'ida ga kowa, a kuma kashe kyamara idan ba a magana. Wuri ɗaya kawai nake mayar da ingancin sama, wato lokacin da wani ya haska jadawalin lissafi daga allonsa, domin a ƙaramin inganci ƙananan lambobi suna dushewa har a kasa bambance 3 da 8.