LinkedIn a idon mai kamfani: kai ke biya, asusun na ma'aikaci ne

An buɗe LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata da ƙwararru, a 2003, Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2. Wajen neman masu saye da zaƙulo ƙwararru yana aiki, ba musu. Inda gizo ke saƙar shi ne batun mallaka.

A ƙa'idar shafin, asusu na wanda sunansa ke kai ne, ba na wurin aikinsa ba. Kamfani zai iya biya wa jami'in talla kuɗin Sales Navigator, wato tsarin LinkedIn na kuɗi na neman masu saye, shekara da shekaru, yana ƙulla hulɗa da masu saye a lokacin aiki. Ran da ya ajiye aiki, kamfanin ya karɓe lasisin, amma mutanen da ya haɗa su bi shi. Sauke jerin sunayensu ma abu ne mai sauƙi a cikin saituna, kuma da ya sauya sunan wurin aiki, shafin na iya sanar da su inda ya koma. Zanen aro ke nan, ba ya rufe katara. A 2008 sai da Hays, kamfanin samar da ma'aikata, ya je kotu a Ingila kafin a tilasta wa wani tsohon ma'aikacinsa bayyana hulɗarsa ta shafin.

Alamar neman aiki da mutum ke iya sawa a asusunsa ma da lauje cikin naɗi. Ma'aikaci na iya zaɓar masu ɗaukar aiki kaɗai su gani, shafin kuma yana ƙoƙarin ɓoye wa na kamfaninsa. Wato duk horon da ka ba shi ya rubuta a can, talla ce ga abokan gogayyarka. Injiniya kuwa, garin nuna bajinta, sai ya fasa ƙwan aikin da ba a ƙaddamar ba.

Hana ma'aikata amfani da shafin ba ya aiki, kuma neman kalmar sirrin ma'aikaci saɓa ƙa'idar shafin ne. Abin yi shi ne a riƙa kwafe duk wani mai saye zuwa rumbun bayanan kamfani kowane mako, a kuma rubuta a takardar ɗaukar aiki abin da ba a wallafawa. Shafin kamfanin kansa ta asusun mutane ake tafiyar da shi, don haka a naɗa manyan masu kula akalla biyu. Idan ɗaya ne tilo kuma ya tafi da fushi, dawo da shafin sai an bi ta ofishin taimakon LinkedIn da hujjoji.