Kebul na USB ko katin cikin kwamfuta: wanne ya dace da sikelinka?

Malam, na karanta bayaninka. Sitonku na masara da gyaɗa a Garwa, sikelin lantarki haɗe da kwamfutar tebur, manhaja tana ɗaukar nauyin buhu tana buga rasit. Tsohuwar kwamfutar mai kafar siriyal a jikinta, wato kafa mai haƙora tara da ake jona wayar sikeli, ta mutu, sabuwar ba ta da wannan kafa, sai ka sayo kebul mai kan USB a gefe ɗaya da kai mai haƙora tara a ɗaya gefen. Tun daga nan abu uku ke damunka: wata safiyar manhajar ta ce ba ta ga COM3 ba, wato sunan da Windows ta ba kafar da sikelin yake, wani lokaci nauyin ya fito da baƙaƙe marasa kan gado, sau ɗaya kuma ta rubuta "Accès refusé", wato an hana ta shiga. Kana tambaya ko ka sake sayen wani kebul, ko ka sa katin siriyal a cikin akwatin kwamfutar.

A wurinka kati zan zaɓa. Sai dai cikin matsalolin nan uku, ɗaya ce kaɗai nake da tabbacin kati zai kashe ta, don haka kada ka ciro kuɗi tukuna.

Ɓatan COM3 ita ce wadda kebul da kati suka fi rabuwa a kanta. A cikin kan kebul ɗin akwai ƴar ƙwaya da ke fassara tsakanin USB da siriyal, kuma Windows na ba ta lambar COM ne lokacin da aka soka ta. Ƙwayoyin kamfanin FTDI, irin su FT232R, kowace tana da lambar shaidarta, shi ya sa ko ka canza rami Windows ta gane ta, ta mayar mata da lambarta ta jiya. Ƙwayoyin CH340 da yawancin PL2303 na kamfanin Prolific ba su da wannan shaida. In yaron shago ya zare kebul ɗin don ya yi cajin waya, ya mayar a ramin da ke kusa, COM3 ta koma COM5 ko COM7, manhajarka kuwa tana can tana ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Buɗe "Gestionnaire de périphériques", inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, ka duba sashen kafofin COM, za ka ga sabuwar lambar, kuma a saitin kafar kana iya mayar da ita 3 da hannunka. Ka kula kada lambar ta kai 10, don akwai tsofaffin manhajoji da ba sa iya buɗe abin da ya wuce COM9. Kati ba ya wannan yawo. Yana zaune a ramin PCI Express na cikin akwatin kwamfutar an ɗaure shi da sukuru, lambar da ya samu ran farko ita ce tasa har kwamfutar ta tsufa.

Ga kuma batun wutarmu. In ruwan madatsar Lagdo ya ja baya a bazara aka shiga rabon wuta, ai gurup, wato janareta, kuke tayarwa, kuma a daidai lokacin sauyin nan wuta na yin sama da ƙasa. Kebul na USB kan yanke na ƙiftawar ido ya dawo. A idon Windows an zare shi an mayar, amma manhajar tana riƙe da tsohuwar kafar da ta riga ta mutu, ba za ta ƙara jin komai ba sai an rufe ta an sake buɗewa. Haka ma Windows da kanta kan kwantar da ramukan USB don tattalin wuta, sai ka shiga saiti ka hana ta. Kati ba ya ɓacewa ya dawo.

To, baƙaƙen nan marasa ma'ana fa? Nan kam kebul da kati duk ɗaya ne, don yawanci ba laifinsu ba ne. Siriyal ba ta da wayar da ke buga wa ɓangarorin biyu ganga su taka tare. Dole sikeli da kwamfuta su yarda tun farko a kan gudu ɗaya da tsari ɗaya. Gudun da aka fi samu shi ne 9600, amma akwai masu 2400 da 4800 da 19200. In gudun ya saɓa, duk abin da ya fito shirme ne, ko harafi ɗaya ba za ka karanta ba. In kuwa wasu lambobin na fitowa daidai wasu a karye, to gudun lafiya lau, tsarin ne ya bambanta. Tsari shi ne yadda ake jera kowane harafi a kan waya: sikeloli da dama suna aikawa da wanda ake kira 7E1, manhajoji kuma sun saba zuwa a kan 8N1. In an haɗa su a haka, 0 da 3 da 5 da 6 da 9 za su fito sumul, amma 1 da 2 da 4 da 7 da 8 su rikiɗe: 1 ta zama ±, 2 ta zama ². Buhu mai kilo 50 ya fito daidai, mai kilo 48 ya zo da alamomin da ba a san kansu ba. Ka dubi takardar sikelin ko menu ɗinsa, ka kwafe saitin cikin manhajar yadda yake. Na taɓa kwana biyu ina canza kebul a wani shagon sayen auduga kafin na lura cewa lambobi biyar ne kaɗai ke lalacewa, kuma kullum su ɗin ne dai.

Akwai inda kebul kan jawo shirmen da kansa, wato ƙarfin wuta. Ƙa'idar da kafar siriyal ke bi, wato RS-232, wadda ta fito tun 1960, tana aiki ne da wuta mai juyawa: daga -3 zuwa -15 na bolt ana karanta 1, daga +3 zuwa +15 ana karanta 0. Kati mai kyau da kebul mai kyau duk suna da ƙwayar da ke samar da wannan. Wasu kebula masu arha sun tsallake ta, suna ba da 0 da 5 kawai. Wata na'urar ta yi haƙuri da su, wata ta ƙi, musamman in wayar ta yi tsawo. Awo ne ke raba gardama: ɗora mitar awon wuta a haƙori na 3 da na 5 na kan kebul ɗin alhali ba a aika komai. In ka ga -5 ko abin da ya yi ƙasa da haka, kebul ɗin na gaske ne. In ka ga sifili ko +5, ka san abin da ka sayo. Tsawon waya kuma, kusan mita 15 ake ɗauka a matsayin iyaka. In sikelin na bakin ƙofar sito kwamfuta na can ofis a ƙurya, ba kebul ba, ba kati ba, wata ƙa'idar daban mai suna RS-485 kake bukata, wadda ke kai wa mita 1200.

"Accès refusé" ba ta da wani zurfi. Manhaja ɗaya ce ke iya riƙe kafar COM a lokaci guda. Ko dai ka buɗe manhajar sau biyu, ko wata ta maƙale a ɓoye ba ta mutu ba. Wani abin dariya ma, sikelin da ke zubo nauyi ba tsayawa, in yana kunne lokacin da kwamfuta ke tashi, Windows kan ɗauka linzamin kwamfuta (mouse) ne aka soka, ta kama kafar, har ka ga kibiya tana tsalle a allo ita kaɗai. Wannan yana faruwa da kebul, yana faruwa da kati. Ka kunna kwamfuta tukuna, sikeli daga baya.

Kafin ka je kasuwa yi wannan gwaji, ba ya cin ko sisi. Cire wayar sikelin, ka haɗa haƙori na 2 da na 3 da guntun waya, ka buɗe manhajar PuTTY ko Tera Term a kan lambar COM ɗin, ka kashe saitin tsayar da aike (flow control), ka danna haruffa. In abin da ka danna yana bayyana, kebul da direbansa, wato manhajar da Windows ke tafiyar da shi da ita, suna aiki, matsalar tana gaba: saiti, ko wayar da ke tsakani. Wayar nan iri biyu ce, miƙaƙƙiya da wadda aka gicciya 2 da 3 a cikinta, kuma daga waje ba ka bambance su. Tunda dai nauyi na zuwa maka wani lokaci, taka daidai take, kada ka taɓa ta. Gwajin nan ba ya tona asirin kebul mai raunin wuta, shi sai mita.

Batun direba kuwa, kebul ya fi kati ciwon kai nesa ba kusa ba, saboda jabu sun cika kasuwa. Sababbin direbobin Prolific suna ƙin ƙwayoyin jabu da tsofaffin da aka daina yi, sai ka ga alamar rawaya da "Code 10". A 2014 FTDI ma ta taɓa sakin direban da ke hana jabun ƙwayoyinta aiki gaba ɗaya, aka yi ta surutu har ta janye shi. Mai shago bai san abin da ke cikin robar ba, shi ma a kwali ya karɓo daga Duwala ko Mubi. Kati ma yana son direba, amma sau ɗaya ne, an wuce wurin.

Kada dai in yi wa kebul rashin adalci. Mai laftof ba shi da ramin kati, kebul ne dolensa, kuma na FTDI na asali yana shekaru yana aiki. Mai gyara da ke yawo daga Marwa zuwa Gawundare da jaka a kafaɗa, shi ma kebul. Sannan a damina, in tsawa ta biyo wayar sikeli, kebul ne ya fi sauƙin musanyawa, kati kuwa a jikin uwar allon kwamfutar yake zaune, abin da ya same shi na iya shafar ta. Ko wanne ka ɗauka, ka jona sikeli da kwamfuta a soket ɗaya mai wayar ƙasa, in da hali ka sa ƴar na'urar da ke raba wutar ɓangarorin biyu a tsakani.

Ranar da za ka buɗe akwatin, fara duba uwar allon da kyau. Kwamfutocin ofis da yawa suna da haƙoran siriyal a ciki, an rubuta COM ko COM1 a gefensu, ba a dai fito da su waje ba ne. In ka same su, ƴar faffaɗar waya da kai mai haƙora tara kawai za ka saya, ka kunna kafar a BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin da kwamfuta ke tashi, ka huta da sayen kati. Wayoyin nan jerin haƙoransu iri biyu ne, don haka ka yi gwajin 2 da 3 bayan ka ɗaura. In babu haƙoran, sai kati, kuma ka auna akwatin kafin ka tafi: in siririya ce, ka ce wa mai shago mai gajeren ƙarfe kake so, don dogon ba zai shiga ba.