Istanbulkart: katin da ya buɗe mini Istanbul tun ranar farko

Duk matashin da zai je Istanbul da jakar goyo a baya da ɗan guzuri a aljihu, shawarata gare shi ita ce ya sayi Istanbulkart tun kafin ya fita daga filin jirgi. Kati ne na roba, girmansa ɗaya da katin banki, ana zuba masa kuɗi, kuma da shi ake shiga kusan duk wani abin hawa na jama'a a birnin: jirgin ƙarƙashin ƙasa, taram (ɗan jirgin ƙasa mai bin tsakiyar titi), bas, jirgin ruwa, har ma wasu ban-ɗakunan jama'a. A 2009 aka fito da shi, ya gaji wani ɗan maɓallin ƙarfe da ake kira Akbil. Da shi na yi zirga-zirga tun daga saukata har ranar tafiyata, kuma ban taɓa shiga tasi ba.

Sayensa ba wuya. Akwai na'urori a bakin tashoshi, ana iya sauya musu harshe, mutum ya biya kuɗin katin, sannan ya zuba na hawa a ciki. Kuɗin katin daban, na hawa daban, a kula da wannan. Gara a tanadi ƙananan takardun lira a zuba kaɗan-kaɗan, domin abin da ya shiga kati ya shiga ke nan. Masu 'yan rumfunan jarida da ke kusa da tashoshi su ma suna zuba wa mutum kuɗi.

Sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka buɗe a Oktoba 2018, yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari. Baƙon da ya kwana a hanya, bai iya Turkanci ba, nan ne ya fi sauƙin kashe kuɗin abincin kwanaki a kan mota ɗaya. Ni layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M11 na bi, wanda ya fara aiki a farkon 2023. Akwai 'yar tafiya a ƙafa kafin a kai tashar, amma alamomi ba sa barin mutum ya ɓata. Na ɗora katin a kan na'urar ƙofa, ta yi ƙara, ta nuna abin da ya rage, ƙarfen ya juya na wuce. Wannan ɗan abu ya kwantar mini da hankali fiye da yadda zan iya bayyanawa, domin a garin mutum sama da miliyan 15, aƙalla na san yadda ake shiga jirgi.

A tashar Gayrettepe na canza zuwa layin M2. Ana cikin duhun rami sai kawai jirgin ya fito fili, a kan gada, a tsakiyar ruwa. Tashar Halic ke nan, wadda aka gina a kan gadar da ta ratsa mashigin ruwan da ya raba tsohon gari da unguwar Galata. Ba nan ce tashata ba, amma na sauka. A gabana ga masallacin Sulaimaniyya a kan tudu da hasumiyoyinsa huɗu, aikin magini Sinan da aka kammala a 1557, ƙasa kuma ga jiragen ruwa suna ta kai da kawo. Na jingina jakata da ƙarfen gadar na tsaya ina kallo, iska mai sanyi tana kaɗa ni. Ganina na farko da Istanbul ke nan, kuma katin nan ne ya kai ni.

Sai dai inda katin ya fi biyan kuɗinsa shi ne a kan ruwa. Birnin yana kwance a nahiyoyi biyu, Turai da Asiya, mashigin Bosforus ya ratsa tsakani, kuma jiragen da ke fito da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan motar haya ce kawai a wajen 'yan gari. Daga Eminonu a ɓangaren Turai zuwa Kadikoy a ɓangaren Asiya tafiyar minti ashirin da 'yan kai ce. A bakin ruwa za ka ji masu kiran baƙi zuwa yawon shaƙatawa a jirgi da farashi mai tsada. Ba na kushe sana'arsu, amma mai ƙaramin aljihu ya wuce su ya nufi ƙofar da ma'aikata da ɗalibai ke shiga. Na zauna a bencin katako na waje. Wani dattijo ya zagayo da faranti cike da ƙananan kofunan gilashi na jan shayi. Kusa da ni wata yarinya tana gutsurar simit, burodin nan mai kamar zobe da aka barbaɗa wa riɗi, tana jefa wa fararen tsuntsayen teku, su kuwa suna cafewa tun kafin ya taɓa ruwa. A bayanmu fadar Topkapi da Ayasofiya da masallacin Sultanahmet suna ta ja da baya, a gabanmu ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Haydarpasha. Mutumin da ke gefena ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba, gida yake komawa daga aiki. Ni kam wallahi kasa zama na yi.

Akwai kuma Marmaray, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin Bosforus tun Oktoba 2013, yana haɗa Sirkeci a Turai da Uskudar a Asiya cikin 'yan mintuna. Abin mamaki ne, kuma mai sauri zai gode masa, amma babu abin da ake gani sai bango. Baƙo ya fara bi ta kan ruwa. Ɗan jirgin Tunel da ke hawa tudu daga Karakoy zuwa Beyoglu tun 1875 shi ma da katin nan ake shigarsa, tafiyar ba ta kai minti biyu ba, amma tana ceton gwiwa.

Maganar gwiwa ta tuna mini da abin da kati ba ya magancewa. Istanbul gari ne na tuddai, tsohon garin ma a kan tuddai bakwai aka ce yake. Masaukin da na kama, irin mai gadaje da yawa a ɗaki ɗaya, sun rubuta cewa suna dab da tashar taram. A taswira gaskiya ne. A ƙasa kuwa hawa ne mai tsayi a kan titin duwatsu, sannan matakala, sannan ɗakin yana can saman bene ba na'urar hawa. Ban ji daɗin yadda suka ɓoye wannan ba, domin mai ɗauke da kaya a baya yana da haƙƙin a faɗa masa. Wanda zai kama masauki ya tambayi hawan, kada ya tsaya ga nisa kawai.

Taram na T1, wanda ke bi ta Eminonu da Sirkeci da Sultanahmet, shi ne abokin baƙo a tsohon gari, amma da yamma cika yake yi maƙil. Mai babbar jaka ya sauke ta ya riƙe a gabansa ko tsakanin ƙafafunsa, kada ya riƙa bugun mutane da ita duk juyawar da ya yi, kuma ya ajiye katin a aljihun gaba inda hannu zai kai da sauri. A wannan layin ne na sauka a Sultanahmet dab da magariba, na ji ladanan Ayasofiya da na Sultanahmet suna karɓa-karɓar kiran salla, wannan ya ja ya tsaya, wancan ya ɗauka.

Kafin dare ya yi, a duba abin da ya rage a katin a ƙara masa, musamman in an tsallaka ɓangaren Asiya kuma ana son dawowa da jirgin ruwa. Jadawalin jiragen yana manne a kowace tasha, a ɗauki hotonsa a waya tun da rana.